Maƙwabci zai ja min ruwan bohol amma yana son kuɗin shekara, in biya?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune Gesse nan Birnin Kebbi. Maƙwabcina ya haƙa bohol mai sola, ya ce zai ja min ruwa har cikin gida, ni zan sayi fayif in biya filamba, sannan in ba shi N72,000 na shekara gaba ɗaya. Da na ce mu rubuta sai ya ce haba, ashe ban yarda da shi ba. Tambayata, in na biya ruwa ya yanke wata biyu doka ta ɗora mai maido min kuɗina? Kuma in mun ɓata, fayif ɗin na wa?

Ɗan Badariya: Kai dai ka haƙa naka ka huta.

Baban Ummi: Da ina da kuɗin haƙawa ai ba ka gan ni nan ba.

Maman Walida: Wallahi Baban Ummi kada ka soma. Mu munka yi haka, maigidana ya biya shekara cur, ana shiga zafin bazara samo ɗinsa, wato injin da ke jawo ruwa daga bohol, ya ƙone, mutumin ya biyo mu gida gida wai kowa ya kawo karo-karo na gyara, munka ce ina kuɗin da munka biya, ya ce wancan na ruwa ne wanga na inji ne. Munka ba shi. Ba a jima ba ya saida gidan ya koma Jega, sabon mai gida ya ce shi gida ya saya bai sayi alkawarin kowa ba, ya datse fayif ɗinmu daga bakin tanki. Anka tahi wurin mai unguwa, ya ce ina takarda, babu, ina shaida, sai yaron da ya kai kuɗin. Aka ce mu yi haƙuri don zaman maƙwabtaka. Har yau in na ga fayif ɗin nan kwance bayan ɗaki raina ɓaci yake.

Na Bayan Kara: Dubu shida a wata ai tsada ce, mu dubu huɗu muke ba da.

Hajiyar Gwadangaji: Dubu huɗu a ina? Wurinmu takwas ne. Ni da 'yan ga-ruwa nake, jarka N100, ka biya a hannu a juye ma, babu rigima.

Ɗan Badariya: Hajiya N100 ta bara ce, jiya N150 na saya kuma sai da na yi lallashi.

Ɗalibin Lauya: Ku bari a amsa mai tambaya. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, kotu na karɓa, wahalar ita ce tabbatarwa. Kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar kare masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta shafi wanda ke saida hidima, in an biya ba a samu hidimar ba akwai damar neman gyara ko a maido kuɗi. Ka biya ta transfa ka rubuta dalilin kuɗin, ku rubuta awa nawa za a sako ruwa a rana, wa ke da nauyin gyaran samo, me za a yi in ya saida gida, shaidu biyu su sa hannu.

Maman Walida: Ɗana kai ka taɓa biyan kuɗin ruwa kuwa? A kai maƙwabci kotu kan dubu saba'in, gobe wa zai zo ma suna?

Ɗalibin Lauya: Mama ai da kun rubuta da mai unguwa ya samu abin kamawa.

Malam Na Shiyar Fada: Yaron nan ya yi gaskiya, sai dai ba sai an je Abuja neman hujja ba. Aya ta 282 cikin Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo, kan rubuta bashi ta sauka, kuma kuɗin da ka ba da kafin ruwa ya zo nauyi ne a wuyansa. Ka gaya mai ba rashin yarda ba ne, akwai mutuwa akwai mantuwa.

Na Bayan Kara: To malam ba ga hadisin cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta ba? Saida ruwan ma ya halatta?

Malam Na Shiyar Fada: Kai kuma daga ina? Wanda ya kashe kuɗinsa ya jawo ruwa ya tara a tankinsa ba ɗaya yake da gulbi ba.

Ɗan Badariya: Baban Ummi mai bohol ɗin na da ɗiya? Ka ƙara aure kawai, ruwa kyauta har abada 😂

Hajiyar Gwadangaji: Allah ya shirye ka. Ni abin da ke ci min rai masu gidan haya ne. Ƙanena ya kama ɗaki an ce da ruwa, an saka kuɗin cikin haya, sai ga shi mai gidan na saida wa 'yan kura tun asuba, 'yan haya su tashi tanki wayam.

Na Bayan Kara: Namu har kwaɗo ya sa wa famfo, makullin na hannun uwargidansa.

Baban Ummi: Jama'a, maganar fayif ɗin fa? Ya ce zuwa Juma'a yake son amsa.

Hajiyar Gwadangaji: Kwaɗo ma da sauƙi, namu in ka yi magana sai ya ce ka tashi akwai mai so.