Neman taimako: hayaniyar siginar 10 GHz ta ƙi sauka

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Wata uku ke nan ina fama da na'urar samar da siginar maikurowef ta hanyar haske, irin wadda masu bincike Yao da Maleki suka ƙirƙiro a JPL, cibiyar binciken hukumar NASA ta Amurka. Haɗin nawa: lesa mai 1550 nm, modileta ta Mach-Zehnder (mai ɗora sigina a kan hasken), faiba kilomita 4, fotodayod (mai mayar da haske siginar lantarki), amfilifaya, sai filta a 10 GHz, daga nan siginar ta koma modiletar, ya zama madauki.

Da wannan tsawon faiba, tazarar da ke tsakanin mitocin da za su iya tashi kusan 51 kHz ce kacal, alhali faɗin filtata ya kai megahaz da yawa. Don haka siginar ta yi ta tsalle daga wannan mita zuwa waccan, musamman in an ɗauke wuta ɗakin ya ɗau zafi. Na ƙara madauki na biyu mai gajeriyar faiba, tsallen ya lafa, ƙananan ƙahonin da ke gefe (mitocin da ba a so, da ke fitowa a gefen babbar mitar) ma suka ragu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hayaniyar (wato rawar da siginar ke yi) da ke dab da mitar 10 GHz ɗin, da tazarar kusan 1 kHz daga gare ta. Na ƙara ƙarfin lesa ina zaton za ta sauka, sai ma ta ɗan hau. Ina zargin warwatsuwar Rayleigh (yadda gilashin faiba ke warwatsa ɗan hasken da ke bi ta cikinsa) a cikin faibar, ko kuma fotodayod ɗin ce ta ƙoshi da haske tana mayar da rawar ƙarfin haske rawar mita.

Don Allah, ta yaya zan bambance su biyun da awo, ba tare da na sayi sabon kaya ba? Kuɗin binciken sun kusa ƙarewa.