Kundayen kakanmu na lalacewa, ta ina zan fara?

Jikan Malam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kakanmu ya rasu ya bar adaka uku cike da rubutun hannu a zaurensa a Zariya: fiƙihu, waƙoƙin wa'azi na ajami, da wasiƙu. Da na buɗe ta ƙasan bayan damina, sai na tarar gara ta cinye gefen wata gafaka, wasu takardun sun manne da juna. So nake in ɗauke su a hoto in adana a kwamfuta. In sayi sikana ne, ko wayata ta isa? Ga shi Baffa ya rantse ko takarda ɗaya ba za ta bar gidan ba.

Ma'aikaciyar laburare:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye zancen sikana, murfinta danne takarda yake yi, tsohuwar takarda kuwa ba ta jure danniya. Fara da lissafi, da fensir ba biro ba: kowane kundi ka ba shi lamba, ka rubuta sunansa, sunan wanda ya kwafa in ya sa a ƙarshe, da yawan takardunsa. Kundayenmu ba ɗinkakku ba ne, in suka hautsine ka shiga uku. Duba ƙasan shafi, malamai kan rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, da ita za ka bi jerin. Ban da salatif, ban da lamineshin. Waɗanda suka manne kuma bar wa gwanaye, tuntuɓi Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna.

Mai ɗaukar hoto:
Kyamara ka kafa a sama tana kallon ƙasa, ka shimfiɗa baƙin ƙyalle, ba filasha. Adana hotunan a TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci, kwafi uku a wurare daban. Ni na dogara da na'urar ajiya guda, ta faɗo daga tebur, aikin wata biyu ya bi ruwa.

Ɗan'uwa daga Yamai:
Laburaren Birtaniya na da shirin tallafi tun 2004, EAP, na ɗaukar hoton tsofaffin takardu da ke cikin haɗarin lalacewa, kuma ainihin takardun a ƙasarsu ake barinsu, wannan zai yi wa Baffa daɗi. Amma fa hotunan a intanet ake sa su, kowa ya gani. Kundin malami ba ya rasa laƙani da sirrin iyali, ku zauna ku ware tun kafin a cike takardar neman tallafin.

Jikan Malam:
Allah Ya saka da alheri. Baffa ya amince a fara lissafin ranar Asabar, a gabansa. Adakar wasiƙu dai ya ce makullinta na aljihunsa.