Fushin maza da shaidarmu a Zariya

Ɗan Wusasa: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Ran Lahadi maza su cika bencin gaba suna ɗaga murya da waƙa, ran Litinin kuwa a kasuwar Sabon Gari ka ga dattijon ikkilisiya ya shaƙe wuyan rigar mai keke a kan canjin naira 100. Mutane na kallo, sun kuma san ko shi wane ne. Bayan haka wa za ka yi wa bishara? Namijin da bai iya haɗiye fushinsa a gaban marasa bi ba, ya ajiye zancen shaida. Zumuntar maza ta zauna a kan wannan.

Malamin Lahadi: Ɗan'uwa, "haɗiye" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Afisawa 4:26 ba ta hana fushi ba. Zunubi ta hana a cikin fushin, ta kuma sa masa wa'adi, kada rana ta faɗi yana nan. Abin da ka haɗiye ciki yake sauka, ya kwana, ya wayi gari ya zama gaba.

Mama Nas: Gaskiyarka, Malam. Wanda ya haɗiye a kasuwa, a gida yake amayarwa, kan matarsa da yara, maƙwabta kuma na ji ta katanga. Jiki yakan yi gargaɗi kafin baki ya ɓata: zuciya ta hau bugawa, numfashi ya gajarce, muƙamuƙi ya ɗaure, murya ta fara hawa. Da ka ji biyu daga cikinsu, ja da baya taku biyu, sa hannuwa a baya, shaƙi iska ta hanci ka sake ta a hankali sau biyar. Ka ce "zan dawo mu yi magana", ka bar wurin. Jiki na bukatar kamar minti 20 kafin ya sauka. Inda maza ke kuskure, su tafi suna maimaita zagin a ransu, su dawo sun fi da zafi. Wasu kuma su tafi ba su dawo ba, maganar ta ruɓe.

Ɗan Wusasa: Mama, haɗiye fushi Hausa ce da kowa ya sani. Ban ce a ɓoye ba. Maganata a kan dattawa ce.

Mai Walda na Kwangila: Haɗiye, haƙuri, ja da baya. Da irin wannan aka mai da mazanmu ragwaye. Yesu da kansa ya tufka bulalar igiya ya kori masu ciniki daga Haikali, Yahaya 2:15. Shi ma haɗiyewa ya yi?

Dattijo na Samaru: Ɗana, kishin gidan Ubansa ne ya ci shi a can, ba canjinsa aka riƙe ba. Buɗe Yahaya 18, aya 22 da 23. Da aka mare shi a gaban babban firist bai rama ba, bai kuma yi shiru ba, tambaya ya yi: in ya faɗi mugun abu a nuna, in daidai ya faɗa don me aka buge shi. Haka ake yi. Faɗi abin da aka yi, faɗi yadda ya cuce ka, faɗi abin da kake so a gyara. Jimla uku, muryarka ƙasa da tasa. Kada "kullum" ta shigo, kada uwa da uba su shigo, kada ƙabila ko addini su shigo. Da ka ce "haka kuke", faɗan ya tashi daga naira 100 ya koma na unguwa, kowa kuma ya san abin da wannan ya taɓa jawo wa garin nan.

Mai Walda na Kwangila: Baba, in shi ya fara zagin addinina fa?

Dattijo na Samaru: Sai ka bar wurin ka kai wa shugaban masu keke ko mai unguwa, da shaida guda. Ba a warware wannan a tsakiyar taro.

Ɗalibar Kongo: Ni "marasa bi" ce ta tsaya mini. Yaya, mai keken nan yana da koyarwarsa a kan fushi: in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kwanta, ka yi alwala. Ya san mizanin, da shi zai auna mu.

Malamin Lahadi: 'Yar'uwa, kalmar ikkilisiya ce, wanda bai bi Almasihu ba ake nufi. Kolosiyawa 4:5 ma ta yi maganar waɗanda ke waje.

Ɗan Wusasa: Ba mu za a koya wa zama da Musulmi ba. Cocin St. Bartholomew tun 1929 yake tsaye a Wusasa, dangi ɗaya wani Kirista wani Musulmi.

Mai Walda na Kwangila: Kullum 1929. A wurinmu dattijon da ya yi haka sai a sa shi horo, ya koma bencin baya, ba jibin Ubangiji. Ku sai an jira bishop.

Mama Nas: Horo ba shi ne matakin farko ba. Matiyu 18:15 zuwa 17: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan ikkilisiya. Kai da ka kawo maganar, ka same shi tukuna?

Ɗan Wusasa: Kun bar jaki kuna dukan taiki.

Malamin Lahadi: Bari in tattara, dare ya yi. Kowa ya yarda "haɗiye" kuskure ce, fushi faɗarsa ake yi kafin faɗuwar rana, kamar yadda na ce tun farko. Shawarar Mama da ta Baba duk a kan wannan suka tsaya. Zancen bulala da na horo sun fita daga batu. "Marasa bi" kuma ta zauna. A taron zumuntar maza na Asabar za mu karanta Afisawa 4 daga aya 25 zuwa 32, kowa ya zo da Littafinsa.

Mai Walda na Kwangila: Wane ne kowa?