Awon jini bayan feshin magani a garkar albasa

Ɗan Tabalak:
Assalamu alaikum. Shekaranjiya ƙanena ya yi feshi a garkarmu da zafin rana, ba safar hannu, ba ƙyalle a hanci. Da la'asar ya fara amai, yawu na dalala, zufa sharkaf, ɗan baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura. A likita an yi masa alluran atropine, mai karya irin wannan dafin, ya farfaɗo, alhamdu lillahi. An ce a auna "kolinestaras" a jininsa. Mene ne wannan? Tunda ya tashi, sai an yi?

Hajiya Mai Labo:
Allah ƙara sauƙi, ɗana. Sinadari ne a jiki mai kashe saƙon jijiya in ya gama aikinsa. Magunguna irin piya-piya su ke toshe shi, shi ya sa yawu da zufa suka ƙi tsayawa. Awon iri 2 ne: na ruwan jini yakan dawo cikin makonni, na jajayen ƙwayoyin jini kuwa yakan kai wata 3. Ku yi, don mutum kan miƙe tsaye alhali sinadarin bai cika ba. Ya koma feshi haka, kaɗan ma ya isa ya kayar da shi. Ku tafi da kwalbar maganin da ya fesa, ba kowane magani awon ke kamawa ba.

Manomi Keita:
Mu madara muke ba mutum.

Hajiya Mai Labo:
Don Allah, malam, a daina. Madara ba ta karya wannan dafin. A tuɓe masa kaya, a wanke jiki da sabulu, a nufi likita.

Ɗan Tabalak:
Na gode, Hajiya. Kwalbar na nan, Litinin za mu shigo Tahoua.