Yaranmu na da gudu, amma numfashi na yanke musu bayan hutun rabin lokaci

Ɗan_Jidda: Assalamu alaikum. 'Yan wasanmu na ƙwallon ƙafa, masu shekara 17 zuwa 20, akwai gudu, amma da an kai minti 60 sai ƙafa ta yi nauyi, 'yan tsakiya su daina komawa baya. Gudun dogon zango a bakin teku zai gyara wannan kuwa?

Koci_Makka: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gudu daban, numfashi daban. Ƙwararren ɗan ƙwallo yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa, amma yawanci tafiya ce da sassarfa. Fizgar gudun 'yan daƙiƙu ce kawai. Makamashin da tsoka ke ƙonawa a fizgar nan kuwa, sai da iskar oksijin yake dawowa. Wanda zuciyarsa ke tura jini da yawa, kafin ƙwallo ta juyo ya farfaɗo. Mai ƙarancin numfashi, gudunsa na goma ba ya kai na farko. Dogon zango a hankali na da amfani kafin kakar wasa, amma shi kaɗai bai isa ba. Gwada wannan: gudu mai ƙarfi minti 4, bugun zuciya ya kai kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na ƙololuwarsa, sassarfa minti 3, a maimaita sau 4, kwana biyu a mako, har mako 8. A binciken da wani masani, Helgerud, da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 a Norwe, matasan da suka yi haka tazarar da suke ci a wasa ta ƙaru da kashi 20. Inda ake ɓatawa: yaro ya kwasa da iya ƙarfinsa a minti na farko, na uku sai jan ƙafa.

Malamin_Atisaye: Malam, ka auna su tukuna da gwajin numfashi na Yo-Yo, wanda masanin wasanni Bangsbo ya ƙirƙiro: mita 20 zuwa da dawowa, hutun daƙiƙa 10, ƙarar na'ura na ƙara sauri har mutum ya gaza. Ya fi gwajin gudun minti 12 ba tsayawa kama da wasa, saboda akwai birki da juyawa. In yaran sun ƙosa da gudu zalla, a buga ƙwallo mutum huɗu da huɗu a ƙaramin fili, minti 4, a jera ƙwallaye a gefe don kada wasa ya tsaya.

Ɗan_Madina: Koci, kada a manta da zafin Jidda, ga laima, gumi ba ya bushewa, bugun zuciya sai ya yi ta hawa ko gudun bai ƙaru ba. A bari sai bayan Isha'i. A hau sikeli kafin atisaye da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu, a sha ruwa kamar lita ɗaya da rabi a hankali.