Sanyin asuba da zafin azahar: abin da muka gani a hanya

Alhaji mai kamiyo, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. A watan Janairu da Fabrairu mutum zai fito da asuba yana rawar ɗari, kafin azahar ya tuɓe rigar sanyi gumi na tsiyaya. Shekara 22 ina jan kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Ngaundare da Kusseri a arewacin Kamaru, kuma wannan juyin yanayi a yini guda ya fi ba ni tsoro a kan zafin Afrilu, don shi zafin Afrilu kowa ya san da zuwansa, ya shirya masa. Ngaundare tana bisa tudu, sama da mita 1,000. Ka baro ta da sanyi, ka gangara dutsen nan na wajen Mbe, sai ka faɗa kwarin Binuwai kamar an buɗe maka tanda. Bara tayata ta gaba ta fashe dab da Ngong, wajen ƙarfe biyu na rana. Allah ne ya riƙe sitiyarin nan, ba ni ba.

Mai faci, Ngong:
Alhaji, barka da arziki. Amma bari in tambaye ka, karen motarka bai rage iska ba kwana ɗaya kafin ranar? Kullum abin da nake fama da shi ke nan. Iskar taya tana kumbura da zafi, ga kuma zafin gudu a kan kwalta. Yaro ya auna da rana, ya ga ta hau, ya sace kaɗan. Dare ya yi, taya ta huce, da safe ta zama ba ta cika ba. Ga lodi a kanta, gefenta na lanƙwasa yana miƙewa, yana ɗaukar zafi, har zaren ciki ya saki. Mutane su ce iska ce ta yi yawa, alhali ƙarancinta ne ya kashe tayar. A auna da safe kafin mota ta motsa, in ta yi zafi kuma a ƙyale ta.

Alhaji mai kamiyo, Garwa:
Wallahi ya rage, a gabana ma. Ban hana shi ba.

Ɗan moto (mai babur), Marwa:
Mu namu na safe ne. Na ɗauki buhun albasa bayan sallar asuba, na naɗe kai da rawani har kunne, hazo ya rufe gari. Shanu suka ratso hanyar Mora, na kai hannu birki, yatsuna sun sandare da sanyi, suka ƙi kamawa da wuri. Wata biyu ina jinyar kafaɗa. Yanzu ina da safar hannu.

Maman Hajara, Gider:
Sannu ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Ni fasinja ce, amma na ga abin da ba na mantawa. Mun tashi daga Garwa da hantsi, kowa ya rufe gilashi saboda sanyi da ƙura. Rana ta ɗaga, ba wanda ya tuna ya buɗe. Motar ta ɗumame, yara suka yi barci, manya suka bi su. Bayan Figil na hango kan direba a madubi yana sunkuyawa, motar na karkata wajen wata babbar mota mai auduga. Na ƙwala salati, ya farka a firgice. Da muka tsaya ya ce mini, Hajiya, tun ƙarfe uku na dare nake kan hanya, sanyi ne ya riƙe mini ido, da ɗumi ya shigo sai jiki ya mutu. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Tun daga ranar kujerar bayan direba nake nema, in ta jan shi da hira.

Mai faci, Ngong:
Alhaji, in za ka wuce ranar Laraba ka tsaya da yaron naka, in nuna masa a kan tsohuwar tayar da kuka bari nan. Har yanzu tana bayan rumfa.