Neman shawara: tattabaruna sai faɗa a kan gurbi, yaya zan tsara musu ɗaki?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da tattabaru aure shida a wani ɗan ɗaki a bayan gida, ƙafa 6 ne tsawonsa, faɗinsa ƙafa 5. Kwalaye na ajiye musu a ƙasa, sai sanda guda da na gitta. Kullum faɗa, ƙwai na fashewa, jiya ma na tsinci ɗan shila an fasa masa kai. Ina so in kira kafinta, amma wane awo zan ba shi? Gurbi nawa ya kamata?

Wani dattijo daga Katsina: Wa alaikumus salam. Ɗana, aure shida gurbi 12 suke buƙata. Tattabara ƙwai biyu take yi, ita da namijin su yi kwanci kamar kwana 18. To 'yan shilan na kai sati biyu zuwa uku za ta sake neman wurin saka wasu ƙwan, alhali na farkon ba su tashi ba, sai sun kai kusan wata guda. In babu gurbi na biyu, ko ta saka a cikin 'ya'yan su tattake, ko namijin ya je ƙwace na maƙwabci. Faɗan da kake gani ke nan. Mu dai tukwanen ƙasa muke kwantarwa a jikin bango, sun fi sanyi lokacin bazara.

Kafinta, shi ma mai kiwo: Baba ya gama magana a kan adadi. Tukunya kam tana da sanyi, amma wahalar kankarewa gare ta, ƙwari kuma na ɓuya a ciki. In katako za ka yi, kowane aure a ba shi akwati mai faɗin inci 24, zurfi 14, tsayi 12, a raba tsakiya da ɗan falanki. A gaba a buga katako mai tsayin inci 3 don kada ƙwai ko ɗan shila ya gangaro. A jera su hawa uku, na ƙasan ya ɗaga daga daɓe saboda ɓera da danshi. Ka ce a yi ƙasan akwatin yadda za a iya zare shi a wanke, ranar shara za ka gode mini.

Wata Hajiya: Kar ka bar ƙasan gurbin da santsi, ƙafar 'yan shila takan buɗe ta ƙi komawa. Ka zuba ɗan yashi da toka, ka watsa musu busasshiyar ciyawa da tsinken tsintsiya a tsakar ɗakin, da kansu za su kwasa su yi sheƙa.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Hajiya. Maganar sandar fa? In ƙara wata?

Kafinta: Cire ta gaba ɗaya. Doguwar sanda ta ƙaƙƙarfan namiji ce, shi kaɗai zai yi ta sintiri a kai yana korar saura. Tattabara ta fi son wuri mai faɗi da za ta tsaya ita kaɗai. A yanka guntayen katako, faɗi inci 2, tsawo inci 5, a kafa a bangon da ke kallon akwatunan, tazarar ƙafa guda ta kowane ɓangare. A ƙarƙashin kowanne a buga falanki biyu masu gangara kamar rufin kwano, don kashin ta sama kada ya zuba wa ta ƙasa. Tsuntsu 12 gare ka, ka yi 18, don 'yan shila na tafe.

Dattijon Katsina: Kuma kada a kafa ko ɗaya a saman kwanon ruwa ko na hatsi. In an gama, rufe kowane aure a akwatinsa da raga na 'yan kwanaki, da ruwansu da dawarsu a ciki, har su san nan ne nasu. In ba haka ba babban namijin zai kame hawan sama duka.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan kai wa kafinta awon, tukwane biyu kuma zan gwada a hawan ƙasa.